Amaryar da aka ƙara wa duhu: nazarin wani aikin feshin launi a Maraɗi

Yarinyar 'yar unguwar Zariya ce, shekarunta ashirin da 'yan kai, kuma saura mako uku a ɗaura mata aure cikin watan Janairu. Asalinta wankan tarwaɗa ce mai ɗan duhu. Wajen shekara biyu ta yi tana shafa haɗin mai da wata mata ke kwaɓawa a gida, irin wanda ake cewa "na gyaran fata ne kawai, ba bilicin ba ne". Da ƙuraje suka feso mata a fuska, fatar kumatunta ta yi siriri har tana raɗaɗi in rana ta taɓa ta, likita ya ce ta daina. Ta daina kuwa, wata biyu da rabi kafin lokacin da muke magana.

Wanda bai taɓa ganin fatar da aka janye wa irin wannan mai ba zai ɗauka launin asali yana dawowa gaba ɗaya ne. Ba haka yake ba. Goshinta da saman kumatunta sun riga sun yi duhu, har sun zarce yadda Allah ya yi ta. Gaɓoɓin yatsunta, gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da idon sawu dama ba su taɓa yin haske ba, domin nan ne mai ke kasawa. Amma damtse, ƙirji, wuya da ƙwauri suna nan fari-fari mai ratsin rawaya. Ƙawayenta suka ba ta shawarar da kowa ya san za a bayar: ta koma wa man na mako uku, in biki ya wuce ta sake dainawa. Irin waɗannan haɗe-haɗen yawanci ba sa rasa sinadaran haskaka fata irin su haidirokwinon ko kulobetasol, wani lokaci har da zaiba, kuma saboda su ne Kodibuwa ta haramta man bilicin a 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018. Komawa gare su da fatar da ba ta gama warkewa ba neman sabon ciwo ne.

Mai gyaran jikin da aka kai ta wurinta, wadda 'yan mata ke kira Tanti, ta kawo abin da ba a saba ji ba a garin nan. Ta ce tun da ba za a iya haskaka wuraren da suka yi duhu ba sai da cuta, to a ƙara wa wuraren da suka yi haske duhu da feshin launin fata.

Abin da ke cikin kwalbar

Feshin launin fata don Turawa aka ƙirƙire shi, masu son a gan su kamar sun sha rana. Sinadarin da ke aikin ana kiransa DHA, wani ɗan ƙaramin nau'in sukari ne marar launi. A shekarun 1950 wata mai bincike a Jami'ar Sinsinati ta Amurka, Eva Wittgenstein, tana ba yara masu wata cutar gado wannan sinadari su sha, sai ta lura duk inda ya zuba a jikinsu wurin yana yin ruwan ƙasa bayan 'yan sa'o'i. A 1960 kamfanin Coppertone ya fito da man shafawa mai ɗauke da shi, kuma tun daga nan abin ya yi ƙaurin suna wajen mai da mutane ruwan goro.

Yadda yake aiki shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. DHA ba ya shiga can cikin fata, ba ya taɓa ƙwayoyin da ke yin launin halitta. Yana haɗuwa ne da furotin na matacciyar fatar da ke can sama, irin haɗuwar da ke sa bayan burodi ya yi ja a tanda. Launin yana fara fitowa bayan sa'a biyu zuwa huɗu, ya ci gaba da nuna har kwana guda ko fiye, sannan ya tafi cikin kwana biyar zuwa goma yayin da matacciyar fatar ke zubewa. Wannan na nufin duk inda matacciyar fata ta fi kauri ko bushewa, nan zai fi kamawa. Ga Baturiya wannan ƙaramar matsala ce. Ga amaryarmu kuwa ita ce babbar matsalar, domin wuraren da suka fi kauri su ne dama suka fi duhu. Da an tsayar da ita an feshe ta daga sama har ƙasa bai ɗaya, kamar yadda ake nunawa a bidiyon masu sayar da injin, da gaɓoɓin yatsunta sun ƙara baƙi fiye da yadda damtsenta ya ƙara, tazarar ta faɗaɗa maimakon ta ragu.

Ba wai Tanti ce ta fara tunanin amfani da shi a baƙar fata ba. Likitocin fata sun daɗe suna ba masu cutar nan da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari shawarar rufe wuraren da DHA.

Neman launin asali

Abu na farko da Tanti ta yi shi ne fitar da yarinyar daga shago. Ƙwan lantarkin shagunan kwalliya ƙarya yake yi, mai fari ya sa mutum ya yi toka-toka, mai rawaya ya ɓoye tabo. Ta kai ta bayan shago inda akwai katanga da hasken hantsi, ta ce ta juya. Tsakiyar baya ta duba, tsakanin kafaɗu, inda hannun mai shafa mai ba ya kaiwa.

"Ga ki nan," in ji ta. "Wannan ce ke. Nan za mu nufa, amma ba za mu kai ba."

"Tanti, me zai hana mu kai?"

"In na kai ki nan a dare ɗaya, wanda ya gan ki jiya zai tambaya. In na tsaya ƙasa kaɗan, cewa za a yi amarya ta huta."

A ganina wannan hukuncin shi ne rabin aikin. Masu neman feshi su yi kama da halitta sukan ɓata lokaci wajen tambayar wane kamfani ne ya fi, alhali abin da ke tona asiri shi ne tsalle mai nisa daga launin da ido ya saba gani, da kuma iyakar da ke tsakanin inda aka fesa da inda ba a fesa ba.

Ta kuma faɗi abin da ba za ta iya ba. Duhun saman kumatu feshi ba zai rage shi ba ko da ɗigo, DHA ƙarawa yake yi kawai. Wannan aikin hoda ne ranar biki, aikin likita kuma bayan biki. Akwai wasu ƙuraje biyu-uku a haɓa da ba su bushe ba, ta ce in ba su rufe ba har ranar, ba za ta kusance su ba.

Daga nan sai gwaji. Kwalabenta uku ne, mai kashi 6, mai kashi 8 da mai kashi 10 cikin ɗari na DHA, kuma goman nan ita ce iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa kayan shafa na rina fata. Ta ɗiga kowanne da auduga a gefen cinya, ta ce a dawo jibi. Babu ƙaiƙayi, babu kumburi. Mai 6 da ƙyar ake ganinsa. Mai 10 ya yi duhu amma ya karkata zuwa ruwan goro, saboda rawayar da bilicin ya bari a ƙarƙashi. Mai 8 ne ya zauna daidai. Kwalaben nan, in faɗa a gefe, a cikin firji suke kwana tare da zoɓon sayarwa, domin zafi yana kashe DHA. Wadda ta kwana biyu a rana a bayan mota daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta shekara a kan kanta, sai a ga ruwan ya koma kore-kore. Irin wannan zubarwa ake yi.

Gwajin da alwala ta rushe

Saura mako biyu aka yi cikakken gwaji, kuma ya lalace. Nau'in ruwan da Tanti ke da shi yana buƙatar kamar sa'a takwas ba tare da ruwa ya taɓa jiki ba. Aka fesa bayan azahar da niyyar yarinyar ta riƙe alwalarta har isha'i. Ba ta riƙu ba. Kafin magariba ta ɗauki buta, kamar yadda ya wajaba, ta wanke fuska da hannu zuwa gwiwa da ƙafa. Washegari damtsenta ya yi kyau, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kuwa ya fi haske, ga layi-layi inda ruwa ya gangara. A wuya kuma, inda hijabi ya matse ta a kan kabu-kabu lokacin komawa gida, wani zobe ne ya fito.

Takardar da ke jikin kwalba ba ta san da salla biyar ba. Tsarin da ya dace da Maraɗi guda ɗaya ne: bayan isha'i zuwa asuba. A Janairu daren yana da tsawo, in an gama feshi wajen ƙarfe tara, akwai sa'a takwas cur kafin kiran assalatu. Kuma dole a yi a ɗakin da za ta kwana, ba a shago ba, don kada a sake hawa babur. Game da tambayar da mahaifiyarta ta yi, ko abin yana hana ruwan alwala shiga, Tanti ta bayyana mata cewa bayan an ɗauraye babu wani abu da ke zaune a kan fata, launin fatar ne ya sauya. Ta ce hukuncin kuma a kai wa malam, ba nata ba ne.

An bar gwajin ya goge da kansa, ana taimaka masa da soso mai laushi, kuma kafin makon biki ya tafi.

Zama da Gwaggo

Inda aka fi shan wahala ba wajen inji ba ne. Gwaggon amarya ce ke riƙe da gyaran jiki, ta riga ta sayi kayan dilka da kurkum, ta yi magana da mai halawa, ta tanadi humra da turaren tsuguno. Ita a wurinta amarya haske take yi kafin a kai ta, ba a taɓa jin an biya kuɗi a ƙara wa yarinya baƙi ba.

"Ke 'yar nan, mu da muke neman ta fito, ke kina neman ki mai da ta?"

"Gwaggo, ba mai da ta zan yi ba. Dubi hannunta, dubi yatsun. Kala biyu za a kai gidan miji?"

Gwaggo ta duba, ta yi shiru. Daga nan maganar ta koma ta jere, wanne kafin wanne, kuma kusan duk kayanta sun sami wuri. Halawa tana tuge gashi tare da matacciyar fata, ta bar ƙofofin gashi a buɗe. In aka fesa a ranar sai a ga ɗigo-ɗigon baƙi a ƙwauri, in kuma aka yi ta bayan feshi ta ɗauke launin gaba ɗaya. Don haka aka sa ta ranar Litinin. Dilka kuwa taimako ce babba, domin tana murje fata ta zama bai ɗaya, abin da DHA ke so ke nan. Matsalarta man da ke ciki, wanda ke zama shamaki, sai aka ce ta ƙare ranar Talata, a kuma sassauta hannu a fuska da wuya inda fatar ta yi siriri. Turaren tsuguno zufa yake sawa, shi ma ya tsaya Talata. Kurkum kaɗai aka cire ɗungurungum, kuma nan Tanti ba ta yi sassauci ba: rawaya a kan rawaya, sannan a ɗora DHA, ruwan goron da ake gudu ke nan.

Lalle aka ba Laraba. Ana barinsa sa'o'i a hannu da ƙafa, a kankare, a wanke, kuma masu zane sun san ba ya kama fatar da aka fesa yadda ya kamata. Saboda haka lalle gaba, feshi baya, daren Alhamis, ɗaurin aure Asabar. Wannan ya ba launin yinin Juma'a guda ya gama nuna.

Hunturu ma sai da aka yi shawara da shi. Iskar Janairu tana busar da ƙwauri har ya yi furu-furu, kuma busasshiyar fata shan DHA take yi ba ƙaƙƙautawa. Tun mako guda kafin nan amarya ke shafa man kaɗanya kowane dare a ƙwauri da dunduniya. Ranar Alhamis kuwa ba mai, ba hoda, ba humra, ba turaren hammata, wanda kan haɗu da ruwan feshi ya bar kore a wurin. Wanka da sabulu marar maiƙo kafin magariba, shi ke nan.

Daren Alhamis

Tanti ta iso ana idar da isha'i, da injinta da kwalbarta a cikin kula. Ta sa aka tayar da ɗan janareta tun kafin a fara, ko da yake akwai wuta, domin in aka ɗauke ta an yi ƙafa ɗaya ba a yi ɗaya ba, babu gyara. Aka shimfiɗa tsohon zani a ƙasa, aka buɗe taga. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da DHA ne don shafawa a waje kawai, ban da ido, leɓe da cikin hanci, kuma ba a so a shaƙe shi. Don haka auduga a hanci, basilin a leɓe, ido a rufe, gashi a cikin hula. Ita kanta Tanti da takunkumi a fuska.

Kafin a kunna inji ta ɗauki kusan rabin sa'a tana aikin da ba ya fitowa a hoto. Da ɗan yatsa ta bi kowace gaɓar yatsa da farin man shafawa mai kauri, ta bi gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, idon sawu, dunduniya, tafin hannu, farce, da duhun goshi da saman kumatu. A tsakiyar kowane wuri ta sa da kauri, a gefe ta baje shi har ya ɓace, don kada a sami da'ira mai kaifin baki. Bayan hannu da saman ƙafa, inda zanen lalle yake, ta shafa siriri.

Feshin kansa bai kai minti goma sha biyar ba. Bindigar feshin tana nesa da jiki kamar taƙi guda, hannu yana tafiya ba tsayawa, domin inda ya tsaya nan zai taru ya gangaro. Damtse, ƙirji, wuya da ƙwauri sun sami zagaye biyu marasa nauyi. Baya ya sami ɗaya, tsakiyarsa ma ba a nufe shi ba. Fuska sau ɗaya, daga nesa, amarya ta riƙe numfashi. Hannu da ƙafa ba a fesa su kai tsaye ba, ɓurɓushin da ya sauka daga sama ya ishe su. Sai ta ɗauki burushin hoda mai laushi ta bi wuyan hannu, bayan kunne, gindin gashi da gefen ƙafa, tana share iyaka. Ta goge tafin hannu da farce da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Minti goma a gaban fanka, sannan doguwar riga baƙa ta auduga, sakakkiya, ba rigar mama, ba ɗan kunne, ba zobe. Aka ce ta kwanta rigingine, kada ta tallafi kunci da hannu. Sai sharaɗin da ya ba Gwaggo dariya: ba kuka a daren nan. Makon biki ne, kowace inna da ta shigo tana da nasihar da za ta sa amarya hawaye, kuma hawaye ɗaya ya isa ya ja farin layi daga ido zuwa haɓa. Gwaggo da kanta ta zauna a bakin ƙofa tana mai da masu nasiha zuwa gobe.

Abin yana da ɗan wari mai kama da na ƙonannen biskit, yana ƙaruwa cikin dare. Amarya ta nemi humra, aka hana. Aka turara mata zanin rufa kawai.

Abin da aka samu

Da asuba ta ɗauraye jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba sabulu, ba soso. Ruwan ya fito ja-ja, mahaifiyarta ta ɗaga murya wai kuɗi sun bi rariya. Wannan rinin sama ne kawai da ake zubawa a ruwan feshi don mai aiki ta ga inda ta bi. Ainihin launin yana cikin fata. Ta tsane jiki da tawul ba gogawa, ta yi alwala ta yi salla.

Ranar Asabar a hasken rana, damtse da wuya da ƙirji sun zama launi ɗaya da gefen fuska, ɗan ƙasa kaɗan da tsakiyar baya, kamar yadda aka nufa. Gaɓoɓin yatsu har yanzu sun fi sauran hannu duhu, sai dai yanzu duhun irin wanda kowace baƙar mace ke da shi ne, kuma lalle ya ɗauke ido daga kansu. Mai kwalliya ta sami sauƙi, hoda kala ɗaya ta yi mata fuska da wuya, kuma a hotunan dare masu walƙiya ba a ga fuska daban jiki daban ba. Akwai inda bai yi ba. Nankarwar da man ya bari a saman damtse ba ta kama launi sosai ba, ta ɗan fi fitowa fiye da da, sai hannun riga ya rufe ta. A idon sawun hagu kuma man shamaki ya yi yawa, ya bar wani haske kamar girman kwabo. Da aka zo wankan amarya an roƙi tsofaffi su ajiye soso, suka ajiye suna mita.

Gogewar ta bi alwala sau da ƙafa. Fuska, hannu zuwa gwiwa da ƙafa suka fara sauka tun kwana na huɗu, sauran jiki ya kai wajen kwana tara. Shafa mai safe da yamma ya sa ya tafi a hankali ba dabbare-dabbare ba. Tanti ta ja mata kunne a kan abu guda: wannan duhun ba ya kare fata daga rana, ba irin na halitta ba ne, fatarta kuma har yanzu mai rauni ce, don haka man kariya daga rana da inuwa suna nan daram.

Tun kafin biki Tanti ta ce a gaya wa ango, kuma an gaya masa. Na ga dacewar hakan. Abin da zai goge cikin kwana goma a ɗakin mutum ba a ɓoye masa shi, balle ma shi ya san ta tun tana shafa man.

Bayan mako guda amarya ta aiko tana son a maimaita kafin zuwan dangin miji daga Tasawa. Tanti ta ce sai tsohon ya gama fita tas, domin sabo a kan ragowar tsoho faci-faci yake bayarwa, aka ɗaga zuwa mako na gaba. Karo na biyu kashi 6 ya wadatar, saboda damtsen ya fara dawo da nasa launin. Wata ƙawar amarya da ta ga hotuna ta zo neman irinsa don bikinta a watan Afrilu, ita kuma tana kan shafa haɗin har yanzu. Tanti ta ce ba ta fesa fatar da ake kan yi wa bilicin, domin man yana saɓule saman fata ya tafi da launin cikin kwana biyu-uku, kuma a zafin Afrilu, da ma'auni ke haura digiri 40 mutum yana zufa ko a tsakar dare, ba ta karɓar aikin sai a gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta kai asuba.